Mp3tag a shagon tura waƙoƙi: abin da ta gyara mini da abin da ta bar ni da shi

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina sana'ar tura waƙoƙi da wa'azi da finafinai a waya, abin da a Kano muke ce wa dawunlodin. Shagon ɗan ƙarami ne: tebur ɗaya, kwamfuta biyu, rumbun ajiya na waje guda uku, sai yaron da ke taya ni. Har zuwa bara duk tsarin shagon a kaina yake. Na san foldar "Sabbi 2" tana cikin "Sabbi", na san wadda aka rubuta wa "Na Alhaji kar a goge" ta daɗe da tashi daga ta Alhaji, tsofaffin waƙoƙin noma ne a ciki. In na fita sallah ko cin abinci ciniki ya tsaya, don yaron ba zai iya lalubo komai ba.

Wani dattijo ne ya sa na nemi magani. Ya zo da memorinsa a naɗe cikin 'yar takarda, ya ce, "Ɗana, tafsirin Malam nake so, na shekarar da aka yi azumi cikin sanyi, daga rana ta goma zuwa ta ashirin." Na ce, "Akwai shi, Baba, zauna." Kuma wallahi akwai shi. Sai dai ta WhatsApp ya iso hannuna, sunayensa duk irin su AUD-20190514-WA0031 ne, gauraye da wasu ɗaruruwa masu irin wannan suna. Na yi ta buɗewa ɗaya bayan ɗaya ina sauraron farkon kowanne ko zan ji an ambaci rana. Da aka doshi minti arba'in sai ya miƙe ya karkaɗe rigarsa, ya ce, "Bari in je in dawo." Har yau bai dawo ba.

Ga abin da na jima ban gane ba. Kowane fayil na sauti suna biyu gare shi. Akwai na waje, wanda kake gani a folda, wanda kowa zai iya sauyawa. Akwai kuma na ciki, wanda ke binne a jikin fayil ɗin: sunan waƙa, mai waƙa, kundi, shekara, lamba a jeri, har da hoto. Masu kwamfuta na ce wa irin wannan bayani metadata, na cikin waƙa kuma su ce masa tag. Ni shaida nake ce masa. Duk wanda ya taɓa aika buhun hatsi ta tasha ya san bambancin: sunan da aka rubuta da maka a bayan buhu ruwa na iya wanke shi, ɗan kamasho na iya rubuta wani a kai, amma takardar da ka cusa a ciki kafin a ɗinke baki tana nan har ya isa. Da ka taɓa waƙa a wayarka ka ga sunan da ya fito ya bambanta da wanda ke folda, shaidar ciki manhajar sauraron ta karanto.

Mp3tag manhaja ce ta rubutawa da gyara wannan shaida. Wani Bajamushe mai suna Florian Heidenreich ne ya yi ta, kuma fiye da shekara ashirin yana kula da ita. Ta Windows kyauta ce, sai in ka ga dama ka ba da gudummawa. Ta kwamfutar Mac ce ake saya. Ba ta da nauyi, ba ta buƙatar data in ba ka nemi ta leƙa intanet ba, kuma tsohuwar kwamfutata da ke nishi in na buɗe fim biyu tana ɗaukarta ba gardama. Ba ta da ta waya, kuma fuskarta ba ta jin Hausa. Sunan ma yaudara ne kaɗan, don ba MP3 kaɗai take taɓawa ba: tana buɗe M4A da FLAC da WMA da WAV da MP4, har da Opus, wato irin saƙon muryar da ake naɗa a WhatsApp.

Ranar farko na jawo foldar da ta fi kowacce hargitsi na saka mata. Ta jera fayilolin kamar takardar Excel, kowane layi fayil ɗaya, kowane shafi gurbi ɗaya. Nan na ga abin da na shekara goma ina sayar wa mutane. A gurbin sunan waƙa adireshin wani shafin intanet ne. A gurbin mai waƙa shi ne dai. A gurbin kundi lambar wayar wani. Hoton da ke jikin waƙar bege tallar wani shafi ne da 'yar rawa a kai. Masu shafukan da ake sauke waƙa sun daɗe da sanin amfanin shaidar ciki, shi ya sa suke share sunan mai waƙa su dasa nasu. Ni da nake ganin na san sana'a, ashe talla nake yi musu kyauta a wayar duk wanda ya shigo shagona.

Abin da ya ba ni dariya shi ne gurbin nau'in waƙa. Karatun Alƙur'ani, tafsiri, waƙar 'yan dambe, da yawansu an rubuta musu Blues. Na ɗauka wani ne ya yi shaƙiyanci. Ashe tarihi ne. Tsarin farko na shaidar MP3, wanda ake kira ID3, wani Eric Kemp ne ya ƙirƙiro shi a 1996, kuma bait 128 kacal, wato wurin harafi 128, ya ware a wutsiyar fayil. Nau'in waƙa lamba ɗaya aka ba shi daga wani jeri mai guda 80, kuma lamba sifili a jerin ita ce Blues. Duk manhajar da ta bar gurbin da sifili, sai malaminka ya wayi gari mawaƙin Amurka. A wannan tsohon tsari sunan waƙa harafi 30 ne iyakarsa. Ƙirga da kanka: "Tafsirin Alƙur'ani Mai Girma," da tazarar da ke bayansa harafi 30 ne cif. Sunan surar da ke biye ya faɗa rami. Shi ya sa direba zai ga fayil talatin a rediyon motarsa duk suna ɗaya.

An gyara wannan da ID3 na biyu, wanda ya fito a 1998, aka sabunta shi zuwa 2.3 a 1999, sannan 2.4 a 2000. Shi a goshin fayil yake zama, ba ya ƙuntata tsawon suna, yana ɗaukar hoto da baitocin waƙa. Matsalar ita ce fayil ɗaya na iya ɗauke da tsoho da sabo a tare, wani lokaci har da na uku da ake kira APE, kowanne da abin da yake faɗa. Waya ta karanta wannan, rediyon mota ya karanta wancan, mai saye ya dawo yana cewa ka ba shi abin da bai ce ba. Mp3tag na da shafi guda da ke nuna irin shaidar da ke jikin kowane fayil, kuma a saitinta kai ne ke zaɓar wadda za ta karanta, wadda za ta rubuta, da wadda za ta share. Wannan shafi kaɗai ya warware mini rigimar da na sha yi da direbobi ban san tushenta ba.

Inda ta fi burge ni shi ne aikin taro. Ka zaɓi fayil ɗari uku, ka rubuta sunan malami sau ɗaya a gefen hagu, ka danna Ctrl da S, shi ke nan duk sun samu. Akwai kuma abin da take kira Convert. In sunayen waje suna da tsari, misali "07 - Suratul A'araf - Rana ta 12", sai ka danna Alt da 2 ka gaya mata fasalin: %track% - %title% - %comment%. Za ta yanyanka sunan ta zuba kowane yanki a gurbinsa. Alt da 1 kuma akasin haka yake yi, ya ɗebo daga ciki ya gina sunan waje. Da shi na mayar da dubban AUD da WA zuwa sunayen da ɗan Adam zai karanta, don da yawansu da na buɗe na tarar shaidar cikinsu tana nan lafiya, sunan waje kawai suka rasa a hanya. Kafin ta aiwatar tana nuna maka yadda abin zai fito. Kada ka tsallake wannan dubawar ko kana sauri.

Wata 'yar dabara da ta rage mini ƙorafi: a rubuta $num(%track%,2) maimakon %track% kawai, sai lambobi su fito 01, 02, 03. In ba haka ba na'urori da yawa za su sa rana ta 10 da ta 11 a gaban rana ta 2, mai sauraro ya ji Malam ya tsallake rabin Baƙara. Sai dai akwai ƙananan rediyoyi masu cin memori, irin na masu shayi da 'yan adaidaita sahu, waɗanda ba ruwansu da suna ko shaida: yadda aka kwafa fayiloli a jere haka suke bi. Wannan ba aikin Mp3tag ba ne, sai dai ka kwafa musu a tsare.

Yanzu ga inda na fi daɗewa, kuma inda duk Bahaushen da zai yi wannan aiki zai yi tuntuɓe: haruffa masu ƙugiya. Ɗauki sunan Ɗanƙwairo. A rumbuna na same shi a rubuce iri shida: Dankwairo, Dan Kwairo, Dan kwairo, Dankwero, Alh Musa Dankwairo, da wani da aka rubuta ?an?wairo. Manhajar sauraro a waya tana ɗaukar kowanne a matsayin mutum daban, sai waƙoƙin mutum ɗaya su watse gida shida. Na ce to bari in rubuta shi daidai, da Ɗ da ƙ, yadda aka koya mana a firamare.

Abu na farko da na koya shi ne alamar tambayar nan daga ina take. ID3 na 2.3 hanya biyu yake rubuta haruffa. Ɗaya ita ce ISO-8859-1, wadda aka yi don harsunan Yammacin Turai. Tana da haruffan Faransanci da Jamusanci, amma babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ. Duk harafin da ba ta sani ba sai ya koma alamar tambaya, kuma in ya koma ba ya dawowa. Ɗayar ita ce UTF-16, wadda ke ɗaukar namu da na Larabci duka. Shi 2.4 ya ƙara UTF-8, amma tsofaffin na'urori da yawa ba sa karanta shi, ita kanta Windows ta daɗe ba ta nuna shi. Don haka na tsaya a kan 2.3 da UTF-16, kuma nan zan ba kowa shawarar ya tsaya. Fayilolin FLAC da Opus ba su da wannan ciwon kai, don tsarin shaidarsu daban ne, Vorbis ake ce masa, kuma UTF-8 yake amfani da shi tun asali.

Na zauna na gyara, na ji daɗi, sunan ya fito tsaf a kwamfuta da waya. Kwana biyu sai ga wani matashi ya dawo. "Oga, ka ce ka sa min Dankwairo, na bincika babu." Na karɓi wayar na ga suna nan reras. Abin da ya faru shi ne ya rubuta D da k na yau da kullum a wurin bincike, wayar kuwa ba ta san Ɗ ɗan'uwan D ba ne. Harafin Faransanci mai ɗigo ko karan sama, na'ura ta san asalinsa e ne ko a, tana iya kawar da kai ta nemo maka. Namu a Unicode, wato tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa a na'ura, haruffa ne masu zaman kansu, ba D ba ne da aka ɗora wa ado. Hakan daidai ne ta fuskar harshe, don kowa ya san bari daban ɓari daban, amma a wurin bincike sai ya zame mana cikas, tunda mutum nawa ne ke da allon rubutun Hausa a wayarsa? Ƙari a kan haka, a wasu na'urorin duk sunan da ya fara da Ɗ can ƙasan jeri yake komawa, bayan Z, inda ba mai zuwa nemansa.

Sulhun da na yi shi ne wannan. A cikin shaida nake rubuta suna daidai da ƙugiyarsa, don ita ce za ta daɗe, kuma ban yarda in zama cikin masu koya wa yara cewa ƙugiya ado ce ba. A sunan waje kuma nake sa haruffa marasa ƙugiya, don mai bincike ya samu, rediyon mota ma kada ya nuna akwatuna. Mp3tag ta sauƙaƙa wannan da abin da take kira Actions: ka tsara mata jerin umarni sau ɗaya, "mayar da ƙ zuwa k, ɗ zuwa d, ɓ zuwa b a sunan fayil kawai", ka ba shi suna, daga nan dannawa ɗaya ce. Na yi wani kuma mai share adireshin shafuka, da wani mai daidaita alamar hamza, don ita ma iri uku take zuwa, miƙaƙƙiya da lanƙwasassu biyu, kuma na'ura na ganin wa'azi mai wannan daban da wa'azi mai waccan. Ga masu saye da ke zuwa daga Maraɗi da Damagaram akwai ƙarin magana, tunda a Nijar ƴ ake rubutawa inda mu muke rubuta 'y. Na zaɓi namu na Najeriya na tsaya a kai, ba don ya fi ba, don dai kada rumbun ya rabu biyu.

Sai babbar matsalar da ba laifin manhajar ba ce, laifin rigar da aka ɗinka ne. Guraben ID3 an yanka su ne a jikin faifan Bature: mawaƙi, kundi, lambar waƙa, shekara. Kayanmu ba haka suke ba. Waƙar fada da sunan wanda aka yi wa ita ake nemanta, ba wanda zai ce maka ga sunan kundi. Makaɗin gargajiya zai yi waƙa ɗaya sau goma a wurare goma, kowacce da baitocin da babu a sauran, kuma masu saye sun san bambancin: wani zai ce ta gidan rediyo yake so, ba ta wajen biki ba. Ina gurbin ubangida? Ina na 'yan amshi? Waƙar fim kuwa da sunan jarumin da ya hau ta ake tambaya, alhali ba shi ya rera ba. A nan na ga wani abu da ya dame ni: a fayiloli da yawa an rubuta sunan mawaƙi namiji an bar macen da suka yi waƙar tare, ita da muryarta ce rabin abin da ake saya. Duk inda na san sunanta na mayar mata da shi.

Dole na kafa dokar kaina. A waƙar fim, kundi shi ne sunan fim, jarumai su shiga gurbin sharhi. A waƙar gargajiya, wanda aka yi wa waƙa shi ne take, wurin da aka yi ta ya biyo baya. A tafsiri, malami shi ne mai waƙa (Allah Ya yafe mana, haka gurbin yake), kundi shi ne masallaci da shekara, lamba ita ce ranar azumi. Shekara ma sai da na yi tunani: in na sa 1445 a gurbinta, waya za ta jera tafsirin a matsayin abin da ya girmi kowa da fiye da shekara ɗari biyar. Don haka 2024 nake sawa a gurbin, 1445 kuma a sunan kundi. Gurbin nau'i a sabon tsari yana karɓar duk abin da ka rubuta, sai na yi nawa jerin: Tafsiri, Wa'azi, Ƙira'a, Bege, Waƙar fada, Waƙar noma, Amada, Waƙar fim, Indiya. Akwai gurbin harshe ma, inda alamar Hausa ita ce hau. Mp3tag na barinka ka ƙirƙiri gurbi sabo da sunan da kake so, na kuwa yi ɗaya na sa masa UBANGIDA. Yana yi mini amfani a shago wajen tacewa, amma ban ga wayar da ke nuna shi ba.

Wata Hajiya da ke aiki a ɗakin karatun jami'a, wadda ke zuwa karɓar ƙira'a, ta gan ni ina wannan fama ta ce, "Malam, ai aikinmu kake yi ba albashi." Ita ta ba ni labarin Dublin Core, tsarin gurabe 15 da aka fara tsarawa a 1995 a garin Dublin na jihar Ohayo a Amurka, ba na ƙasar Ayalan ba, don bayyana kowane irin abu, littafi ne ko hoto ko sauti. Abin da na ɗauka daga wurinta gurbi ɗaya ne: tushe, wato daga ina abin ya fito. Tun ranar, duk abin da na juyo daga kaset nakan rubuta a sharhi cewa daga kaset ne, na wane kamfani in an rubuta, da wanda ya kawo mini. Da na fara haka tun farkon sana'a da yanzu na san asalin rabin rumbuna.

Kuskure kuwa na yi shi, kuma nawa ne. In ka zaɓi fayiloli da yawa masu bayani daban-daban, manhajar na sa kalmar keep a gurbin, ma'ana a bar kowanne yadda yake. Wata rana da daddare, ga gajiya ga ƙarar janareto, na zaɓi folda gaba ɗaya ina nufin gyara nau'i, hannuna ya kauce na rubuta a gurbin take, na adana. Waƙa 614 suka koma suna ɗaya: Bege. Yaron ya leƙo ya ce, "Oga, lafiya?" don ya ga na dafe kai. Ctrl da Z ne ya cece ni, ya dawo da su duka. Amma da wuta ta ɗauke a wannan minti, ko na rufe manhajar kafin in lura, da sai dai in bi su da kunne. Ba ta tambayarka ko ka tabbata a kowane mataki. Ta ɗauka ka san abin da kake yi. Yanzu ba na taɓa folda sai na kwafe ta a wani rumbun tukuna. Wani ƙaramin kuskuren shi ne hoto: na liƙa hoton malami mai megabait 2 a fayil 300, na cinye wa mai saye megabait 600 a memorinsa a banza. A rage girman hoto kafin a liƙa.

Tana iya ɗebo bayani daga rumbunan intanet irin su MusicBrainz da Discogs. Ga waƙoƙin Indiya da na Turawa abin kamar tsafi: suna, fim, shekara, hoto, duk su sauko. Ga namu kuwa kusan shiru. Na gwada wata manhajar ma, MusicBrainz Picard, wadda ke sauraron sautin da kanta ta gane waƙa ko ba suna, abin da Mp3tag ba ta yi. Na ba ta tsofaffin waƙoƙin Hausa 200 da aka juyo daga kaset, waɗanda ta gane ba su cika yatsun hannu biyu ba. Ban ga laifinta ba. Rumbun MusicBrainz mutane ne ke cika shi da hannunsu, kowa na iya buɗe asusu ya shigar da abin da ya sani, mu ne dai ba mu shiga ba. Na shigar da kundi huɗu da nake da kaset ɗinsu na asali da bangonsu, na gaji, na bari sai bayan sallah.

Bidiyo ba zan daɗe a kai ba. Tana rubuta shaida a MP4, VLC kuma na nuna taken da ka sa, amma yawancin masu kallo a waya sunan waje kawai suke gani, don haka a fim can nake zuba ƙarfina.

Hoto da takardu kuwa ba ta taɓa su sam, kuma ya kamata mai shago ya san haka kafin ya sa rai, don mu ana kawo mana hotunan biki da littattafan PDF kullum. Hoto tsarinsa daban: akwai Exif, wanda Japanawa suka fitar a 1995, inda kyamara ke rubuta rana da sa'a da irin na'ura, wani lokaci har da daidai wurin da aka tsaya aka ɗauka. Akwai IPTC na 'yan jarida, da XMP da kamfanin Adobe ya kawo a 2001, wanda shi ma ya ari guraben Dublin Core. Don waɗannan ExifTool nake amfani da ita, ta wani Phil Harvey ɗan Kanada. Ita ma kyauta ce, sai dai ba ta da maɓallai, umarni ake rubuta mata a baƙin allo. Layi ɗaya na haddace, wanda ke sauya sunan hotuna zuwa ranar da aka ɗauke su, kuma da shi na taɓa jera wa wata amarya hoto 900 daga kamu zuwa buɗar kai. Amma in an turo hoton ta WhatsApp a matsayin hoto, an riga an kankare wannan bayani, sai in a matsayin takarda aka turo shi. Ban ce hakan sharri ne ba. Yarinyar da ta tura hotonta ba ta buƙatar baƙo ya san ƙofar gidansu. PDF kuma, duk wanda ya taɓa buɗe littafin addini ya ga samansa an rubuta "Microsoft Word - Document1" ya ga gurbin take da ba a cike ba.

Wa zan ce ya ɗauke ta? Duk mai shago irin nawa, mai kula da sautin masallaci ko makarantar Islamiyya, ma'aikacin gidan rediyo, da mawaƙin da ke sakin waƙa ba tare da ya rubuta sunansa a cikinta ba sannan ya zo yana kukan an sace. Wanda waƙoƙinsa ba su wuce hamsin a waya ba, kada ya wahalar da kansa. Koyon Convert yini ɗaya ne. Actions zai ɗauke ka mako, kuma bayanin taimakonta da Turanci yake.

Wata takwas ke nan. Na gama fayil dubu goma sha ɗaya da 'yan kai, na fitar da jerinsu ta Export zuwa Excel, na buga na tafsiri na rataye a bango. Yanzu yaron na danna F3 ya rubuta sunan malami da shekara, kafin mai saye ya gama zama an fara turawa, ni kuma ina cin abincina a zaune. Saura wata folda mai fayil kusan dubu uku, duk Track 01 da Track 02, juyin kaset ne da na saya a hannun wani mai shagon da ya tashi, ba suna a waje ba shaida a ciki. Akwai wani tsohon direban babbar mota a unguwarmu da ya yi zamanin waɗannan makaɗa. Duk Juma'a bayan an sauko yakan zo, in saya masa shayi, in sa masa abin ji a kunne. Wata kafin a gama taken kalangu ya faɗi mai ita da wanda aka yi wa, wata ya yi shiru har ta ƙare ya ce, "Sake sa min ita, ɗana." A zama ɗaya mukan yi ashirin, in hira ba ta ɗauke mu ba.